Tulun Iri

Saura mako uku Ista.
Kaltungo ta ɗau zafi, kwanon ɗaki na ƙara tun hantsi,
rijiyar gidan Malam Yila ta koma ba da laka,
guga ya sauka da waƙa, ya hau da kunya.

A ƙuryar ɗakin Mama akwai wani tulu,
bakinsa liƙe da yumɓu, cikinsa gyaɗa da toka.
Mudu shida. A gabana ta auna.
Tun kaka ba hannun da ya taɓa.

Rumbu kuwa, ka yi magana a ciki ya amsa maka.
Fanshon Baba wata huɗu yana hanya,
ni da takardar digirina ta ƙasan katifa
mun gaji da kallon juna.
Fasto ya ce kwanakin azumi ne, kowa ya rage.
Masu shi suka rage.
Mu namu azumin har gida ya same mu, bai yi sallama ba.

Ran Talata na ce, Mama, a fasa tulun nan.
Gyaɗa ta yi kuɗi. Mudu biyu kawai, mu auno masara,
Keziya ta daina kwana da kunu tsararo.
Allahn da ya ba da wannan zai ba da wata.

Tana ɗaura ɗankwalin zumunta, ko juyowa ba ta yi ba.
Ta ce, Lamela, wanda ya ci iri ya ci baɗi.
Kuma ka daina ara wa yunwarka bakin Allah.

Na fita da zuciya.
Na zauna kan dutsen bayan majami'a, yana gasa ni,
mata na koyon waƙoƙin Ista a ciki,
tafin hannu na faɗa wa bakin tukunya, tana gurnani,
muryar Mama a can ƙasa, dusasshiya,
tana jan baitin kamar mai jan guga mai nauyi.

Ya Ubangiji, ban zo da yabo ba.
Na zo da lissafi, kuma bai fita ba.
Na duba gabas har wuyana ya ƙage,
sama wayam kamar tasar da aka suɗe.
Sun ce kai ma an rufe ka, an liƙe bakin da dutse,
waɗanda suka san ƙarshen labarin suna iya rawa.
Ni ina tsakiyarsa.
Koya mini yadda ake zaman Asabar ɗin nan.

Ran Juma'a Briskila ta shigo, wadda gobara ta ci wa rumbu.
Ta gaishe mu, ta sake gaishe mu, ta kasa faɗa.
Mama ta tashi ta ɗauko wuƙa,
na ji yumɓu yana ɓarewa.
Mudu biyu, har da gyara, ta juye mata a bakin zane.
Ta kwaɓa laka da ruwan da ya rage a randa,
ta liƙe tulun, ta goge hannu a cinya.

Na ce, ashe yana buɗuwa.
Ta ce, wannan ba ciki za ta ba, ƙasa za ta.
Gonar wa, ba ruwan iri.

Jiya da dare an yi walƙiya ta wajen Tula,
sau biyu, ba tsawa, ba ɗigo.
Ban ce komai ya canja ba.
Kunun Keziya yana nan yadda yake.
Amma da asuba na zaro fartanyar Baba daga rufin ɗaki,
ƙotar ta tsage, bakin ya yi tsatsa,
na saɓa ta, na nufi maƙera.